Shugabanci Saniyar Habbanaye Ce



Maganarmu ta yau a kan shugabanci ne: wane irin mutum ya kamata mu sa a gaba, kuma me zai sa jama'a ta yarda da shi? Amsar tana cikin rugarmu tun kaka da kakanni.

Mu dubi garso. Kafin a tashi da dabbobi, shi ke wucewa gaba ya dubo ciyawa da mashaya, ya gaida sarakunan ƙasar, ya ga ko burtali a buɗe yake. In ya dawo, abin da idonsa ya gani shi yake faɗi, domin gani ya kori ji. In ya ce akwai ruwa alhali tabki ya ƙafe, shanunsa ma suna cikin waɗanda za su faɗi. Shi ya sa ake bin sa ba gardama. Wanda muka ba shugabancin ƙungiya, haka muke so ya zama. In ya je gaban hukuma an ba shi, ya ce an ba shi. In an hana shi, ya dawo ya ce an hana.

Mu dubi kuma habbanaye. Mutum ya ba ɗan'uwansa karsana, ya kiwata, ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ba takarda, ba alƙali. Ba ya sayar da ita komai tsananin yunwa, yana kuma kula da ita fiye da nasa. Bayan farin 1973 da na 1984, gidaje da yawa da wannan hanya suka sake tada garke. To, kujerar shugaba ita ma aro ce. Kuɗin da 'yan ƙungiya ke tarawa ba na shugaba ba ne, ba na ma'aji ba ne. A karanta lissafi a bainar jama'a, da Hausa da Fulatanci da Tamajak, kowa ya ji abin da ya shigo da abin da ya fita. In wa'adi ya cika a mayar da saniya ga masu ita, su zaɓi wanda suke so.

'Yan'uwa, aikin wakili a yau ya fi na da nauyi. A Nijar, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Kundin tsarin karkara na 1993 ya kafa hukumomin kula da filaye, inda makiyaya ke da wakilai. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Amma doka a takarda take, sai an sami mai gaskiya a wurin zama. Wakilin da ya sa hannu aka cinye burtali, ya dawo ya ce mana bai sani ba, ya sayar da saniyar habbanaye.

Gaskiyar kuma fuska biyu gare ta. Shugaba ya kare mu in an toshe mana hanya, ya kuma iya duban ɗan ƙanensa ya ce masa: shanunka sun yi ɓarna a gona, ka biya. Ya hana mu shiga gonaki kafin ranar da hukuma ta tsayar ta buɗe su. Manoma in sun san ba ya rufa wa mai laifi asiri, za su karɓi maganarsa ranar da mu aka zalunta. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. Irin wannan wuta, mutanen da ɓangarorin biyu suka yarda da su ne ke kashe ta tun tana hayaƙi.

Saboda haka in lokacin zaɓe ya zo, kada mu dubi yawan shanun mutum ko iya bakinsa. Mu tambayi maƙwabtansa a mashaya da abokan cinikinsa a kasuwa: in an ba shi ajiya yana mayarwa?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye bisashenmu daga cuta da ɓarayi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.