JAWABI GA 'YAN KWAMITIN RASSA A KAN GUNGUN LETE DA IYAKAR RUWA

 

Maganarmu ta yau ta iyaka ce, iyakar da ke cikin ruwa. Na san wani zai ce, mu da ke Maraɗi da Tasawa da Madawa, ina ruwanmu da wani gungu can ƙasar Dandi? To, ya yi haƙuri ya ji. Duk ran da aka rufe gadar Gaya, kafin kasuwa biyu ta ci, mai tebur a Damagaram ya ji a jikinsa. Kuma abin da ya faru a Lete yana iya faruwa a kan gulbin da ke bayan garinku.

Lete gungu ne babba a tsakiyar kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara, sama da Gaya. Tsawonsa ya kai kamar kilomita 16. Akwai ciyawa, akwai ƙasar noma. Fulani na zaune cikinsa da shanunsu, manoman ƙetare kuma, na wajen Dahome wadda yau ake kira Benin, sun saba shigowa da jirgi su yi shuka. Dandawan gaɓar nan da na gaɓar can harshe ɗaya, aure ɗaya. A wurinsu kogi hanya ne.

Da Nasara ya zo, gaɓa biyun duka Faransa ta ci. Ku riƙe wannan da kyau. Ba ƙasa biyu ba ce a lokacin, gida ɗaya ne mai ɗaki biyu, maigidan kuwa shi ne babban gwamna da ke Dakar. A 1900 suka kafa yankin soja wanda daga baya ya zama Nijar. Takardunsu na 1934 da 1938 suka ce iyakar Dahome tana bin kogi. Amma ina cikin kogin? Bakin hagu, ko bakin dama, ko tsakiya? Ba wanda ya faɗi, don ba abin da ya dame su. Tuta ɗaya ce nan da can.

Wanda abin ya dama shi ne ƙaramin kumandan da ke karɓar lanho. A 1914 kumandan na Gaya, sunansa Sadoux, ya sa aka bi kogi aka ƙidaya gungunan. Ran 3 ga Yuli ya rubuta wa ɗan'uwansa na wajen Dahome wasiƙa. Ya ce a ɗauki babban reshen ruwa ya zama iyaka. Ba reshen da ya fi faɗi yake nufi ba, a'a, wanda jirgi ke iya bi in ruwa ya janye. Gungun da ya faɗo hagu da shi na Nijar ne, na dama na Dahome. Da wannan awon Lete ya faɗo wajen Gaya. Dalilinsa biyu ne: a san wa zai ba Fulani takardar izinin kiwo, a kuma san kotun da za ta yi shari'a in an yi faɗa. Ba a tara sarakunan Dandi ba. Ba a tambayi arɗo ba, ba a tambayi sarkin ruwa ba. Ruwan da aka duba shi ne wanda jirgin kumandan zai bi.

Mu na ƙasar Hausa mun san irin wannan awon, don an yi mana shi a tudu. A 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zaga mil 100, suka ce ga iyaka. Sai Faransa ta ga sojanta ba su da rijiyoyi a hanyar Damagaram. Aka koma tebur a 1904, aka sake komawa a 1906, aka ja layin ya yi kudu. Ƙishirwar sojansu ta matsar da iyaka.

Mu koma Lete. Shekara 40 ana bin shirin Sadoux. Gaya ke ƙidayar mutanen gungun, Gaya ke karɓar kuɗi. Sai ran 27 ga Agusta 1954 wani mai suna Raynier, wanda ke riƙon kujerar gwamna a Yamai, ya sa hannu a wata wasiƙa. Ya ce daga Bandofai har iyakar Nijeriya, iyaka tana bakin hagu, inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika maƙil. Ma'ana, gungunan wannan yankin duka na Dahome ne. Gwamnan Dahome da kansa ya aiko yana tambaya, wace doka aka dogara da ita? Ba a ba shi amsa ba. Gaya kuma ta ci gaba da karɓar lanho a Lete kamar ba a rubuta kome ba.

Kun ji fa. Bature ɗaya ya ce hagu, Bature ɗaya ya ce dama, suka naɗe kayansu suka tafi gida, suka bar mu da takarda biyu masu ƙaryata juna.

Tun ba su gama tafiya ba jini ya zuba. Daren 29 ga Yuni 1960 aka faɗa wa Fulanin Lete daga ƙetare, aka kashe mutum huɗu. Dahome ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta, mu ran 3. A watan Oktoba 1963 ƙasashen kogin suka taru a Yamai, har da Dahome, suka sa hannu cewa za su yi amfani da ruwan cikin shawara da juna, suka soke dokar da Turawa suka ɗora wa kogin a Balin a 1885. Abin kunya, cikin watan nan soja suka tuɓe Hubert Maga a Dahome, hankali ya tashi, maganar Lete ta sake tasowa. A Disamba gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata 'yan Dahome. Malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan gidan waya, waɗansu sun yi shekaru a garuruwanmu, suka ɗaure kaya. Dahome ta rufe mana hanyar Kwatano. Gyaɗar da ake ɗauka a mota zuwa Faraku, a sa ta jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ta tsaya. Yaro ya rasa malami, manomi ya rasa hanyar gyaɗa. Ba ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin Lete da ido.

A Janairu 1965 aka sasanta a Yamusukuro, aka ce mutanen ƙasashen biyu su zauna gungun tare kafin a yanke magana. An yayyafa wa wuta ruwa ke nan, ba a kashe ta ba. Kafin nan, a Yuli 1964, shugabannin Afirka sun taru a Alƙahira sun ce kowa ya tsaya a iyakar da ya gada ran samun mulkin kai. Ni ina ganin ba su da wata dabara, don in aka ce kowa ya nemi iyakar kakansa, yaƙi ba zai ƙare ba. Amma ku dubi abin da wannan ya jawo: tsohuwar takardar kumandan, wadda aka rubuta don lanho, ta zama ita ce shaidar ƙasa.

Haka kuwa aka yi. A 2001 Nijar da Benin suka yarda su kai ƙara kotun duniya da ke birnin Heg, ƙasar Holan. Alƙalai biyar suka zauna. Benin ta miƙa wasiƙar 1954, Nijar ta miƙa ta 1914 da littattafan lanho na Gaya. Ran 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci. Kotu ta ce gwamnan ƙasa ɗaya ba shi da ikon ya sake iyaka shi kaɗai da wasiƙa, don haka maganar Raynier ba ta ci ba. Ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi cikin reshen da jirgi ke bi, kamar yadda yake a 1960. Don a gane wurin, aka ɗauko awon zurfi da wani kamfanin Holan, NEDECO, ya fitar a 1970, aka kafa ɗigo 154 a taswira. Cikin gungu 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A kan gadojin Gaya da Malanbil, iyaka tana daidai saman layin ruwa. A kan kogin Mekuru kuwa maganarmu ce ta faɗi, aka ce iyaka tsakiyar ruwa, kamar yadda Benin ta nema.

Mun yi murna, kuma muna da gaskiyar yin murna. Ba a harba bindiga ba, Benin ta karɓi hukunci, wannan abin yabo ne gare ta. Amma akwai abu biyu da ba a cika faɗa muku ba.

Na fari, ba maganar kakanninmu ta ci shari'ar ba. Rasit ɗin lanho ne. Kuɗin da aka tatsa wajen Bafulatanin Lete, shi ya dawo ya zama hujjar ƙasa. Da Sadoux ya ga jirginsa ya fi jin daɗin ɗaya reshen, da yau wata magana ake yi.

Na biyu, kotu ta faɗi a fili cewa rabon gungu tsakanin ƙasa da ƙasa bai taɓa haƙƙin da mutane ke da shi a kan gungunan ba. Wanda ya gaji gona, tuta ba ta ƙwace masa ita ba. Duk ɗan jam'iyyar da kuka ji yana cewa an ba mu gungu, a kori baƙo, ku gaya masa bai san hukuncin ba. Muna da 'yan'uwa masu kiwo da su a gungu taran da suka faɗa wa Benin. Abin da muka yi wa na wani, shi za a yi wa namu.

Yanzu ga wanda ya shafe ku kai tsaye. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa, can ana ce masa Gada, kuma madatsar Jibiya tana kansa kafin ya iso Madarumfa. Magiya ta ƙasar Adar daga wajenmu take gangarawa ta shiga wajensu. A nan mu ne na ƙasa, a can mu ne na sama. Ran 18 ga Yuli 1990, a Maiduguri, Nijar da Nijeriya suka sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwan gulbi huɗu: Magiya, Gulbin Maraɗi, Tagwai da Komadugu Yobe. Ba Bature a tsakani, maƙwabta ne suka zauna. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971, ita aka ɗora wa lura da ita. Amma takarda ba ta sakin ruwa da kanta. In ba mai bin sawu, sai ta kwanta cikin akwati.

Don haka ga aikin da muke so kowane reshe ya yi kafin taro mai zuwa. Sakatare ya sami littafi. Ya zauna da mai gari da sarkin noma da arɗo da sarkin ruwa in akwai. A rubuta ran da gulbi ya zo bana da ran da ya ɗauke. A rubuta fadamu da masu su, da burtali, da mashaya, da rijiyoyin da mutanen ƙetaren iyaka suka saba shayarwa, da tun yaushe. A rubuta da boko, a rubuta da ajami, dattawa su sa hannu ko su dangwala. Ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya a aiko hedkwata.

Rassan Ɗan Isa, Madarumfa, Ƙonni da Magarya su fara, don su ke bakin iyaka. Wanda ba shi da littafi ya ga ma'aji bayan an tashi.

Wassalamu alaikum.