Gidan Da Ba Shi Da Mai Masauki

 Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Yahaya, sura 13, inda Ubangiji ya wanke ƙafafun almajiransa. Ku karanta shi a gida. Mu dai labarin wani gida za mu ba ku.

Wani watan Yuni, bayan mun gama taro a ƙasar Sikotilan, mu fastoci huɗu muka kama hayar ƙaramin gida na mako guda a tsibirin Ayona, domin mu huta. Tafiyar ba wasa ba ce: jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Oban, jirgin ruwa zuwa tsibirin Mul, bas ta ratsa Mul da mu fiye da awa ɗaya, sa'an nan ƙaramin jirgin ruwa na minti 10. Tsawon Ayona mil 3 ne, mazauna cikinsa kuwa ba su kai 200 ba.

Irin gidan nan ba otal ba ne. Za a ba ka mabuɗi, ka tarar da gado da tukwane da murhu, shi ke nan. Cefane naka, girki naka, wanke-wanke naka.

Daren farko muka zauna muna ta muhawara a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10, don haka ba mu san dare ya yi ba, sai da ciki ya faɗa mana. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya kasa kunne ko zai ji motsin kwano daga madafa. Shiru. Kanti kuwa ya rufe tun tuni.

Mu faɗi gaskiya, ba rashin iyawa ba ne. Dukanmu mun yi girki a kwalejin tauhidi, kuma akwai shinkafa a jakarmu. Lissafi kowa yake yi a zuci: wa ya girmi wa, wa aka riga naɗawa. Da shayi da biskit muka kwana.

Da asuba ƙamshi ya tashe mu. Muka tarar da Baba Rabaran, wanda ya haura shekara 70, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya wanke kofunan da muka bari, yana suyar ƙwai. Muka ce, "Haba Baba, kawo mu yi!" Ya ce, "Ku zauna, 'ya'yana. Shekara 40 ke nan mamanku tana yi mini wannan, jiya na fara jin nauyinsa." Abincin nan da ƙyar ya wuce maƙogwaronmu.

Ran nan muka taka zuwa tsohuwar majami'ar tsibirin. A shekara ta 563 Kolumba ya sauka a nan daga ƙasar Ayalan da abokai 12. Su ke noma, su ke tatsar shanu, su ne kuma ke kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu. Daga nan Aidan ya ɗauki bishara zuwa arewacin Ingila a 635. Abin da ya fi taɓa mu shi ne na 1938, sa'ad da Rabaran George MacLeod ya tara masu sana'a marasa aikin yi daga Gilasgo tare da matasan fastoci, su sāke gina wurin. Fastocin su ne leburori, magina ke ba su umarni.

Yanzu ku tuna da babban taron ikkilisiyarku na bara. Su wa suke bakin murhu sa'ad da ake wa'azi? 'Yan zumuntar mata ne. Su ne na ƙarshe wajen ci, wani lokaci ƙanzo kaɗai suke samu. Mu kuma muna kan bagade muna wa'azin tawali'u, kuma mun iya shi ƙwarai.

A Ayona muka raba aiki a takarda, muka manna ta a ƙofar madafa. Wanke-wanke ya faɗo a kanmu har ƙarshen mako.

Da muka dawo gida, bayan tuwon dare, muka ɗauki kwanonmu muka nufi madafa. Uwargida ta bi mu da kallo, ta ce, "Baban yara, lafiya dai ko?"