JAWABIN SHUGABAR MATA: Kafin Ki Sayar Da Sarƙarki Don Maganin Galahanga



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, ina yi muku fatan alheri. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na ranar Asabar, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Yau ba zancen katin zaɓe ba ne, ku ɗan ba ni aron hankalinku.

Wata baiwar Allah a cikinmu, ba zan kama suna ba, ta same ni a gida tana hawaye. Ɗanta shekararsa 4, ba ya magana, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, yana iya wuni yana jera murafen kwalba, in aka taɓa ɗaya gidan ya kaure da kuka. Likita ya gaya mata galahanga ce, wadda a asibiti ake kira otizim. Sai wani mutum da ta haɗu da shi a Facebook ya ce mata ai guba ce ta taru a jikin yaron, ta aiko da gashinsa da fitsarinsa a kai ƙasar waje a auna. Ta sayar da sarƙarta ta gwal da keken ɗinkinta. Sakamako ya dawo shafi-shafi, ga ja ga kore, wai jikin yaro cike yake da dalma da zaiba. Aka ce ta ƙaro kuɗi na maganin wanke jini, shi ne ta zo neman gudummawa. Na ce ta ba ni mako guda. Ni ba likita ba ce, iyakata sakandare da Islamiyya, amma ina da baki na tambaya. Na je na zauna da likitocin yara, ga abin da na samo.

Har yau babu gwajin jini, ko na fitsari, ko na gashi, da ke nuna yaro yana da galahanga. Likita yana gane ta ne ta hanyar kallon yaron da tambayar uwa: yana haɗa ido? Yana nuna abu da yatsa? Yana wasa da sauran yara? Akwai wata takarda mai tambayoyi 20 da ake cikewa tun yaro yana wata 18 zuwa shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, kuma masana sun ce gado ne ya fi rinjaye a sanadinta. Saboda haka, surukai a cikinmu, a daina ɗora wa uwar yaro laifi.

Shi wannan awon fitsarin akwai wayo a ciki. Sukan fara ba yaro maganin da ke jawo ƙarfe daga jiki, sannan su karɓi fitsarin, su kwatanta da na mutumin da bai sha komai ba. Dole lamba ta hau mana! Ko ni da ke aka yi wa haka, takardarmu ja za ta fito.

Maganin da suke kira na wanke jini kuwa, na gaske ne, amma na wata cutar ne daban. Mu a Arewa mun san shi da idonmu. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF da irin wannan magani suka ceci dubban yara, amma sai da aka auna jininsu aka ga dalmar, kuma ana sa musu ido. Yaron da ba shi da guba in aka ba shi, sai maganin ya kwashe sinadaran da jiki ke buƙata, ya wahalar da ƙoda. A 2005, a jihar Fensilbeniya ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 5 da aka kawo daga Ingila neman maganin galahanga ya rasu ana cikin ɗura masa shi ta jijiya. Sinadarin kalsiyam na jininsa ne ya faɗi, zuciya ta tsaya. A Amurka fa, ba a kemis ɗin bayan layi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wani ruwa da ake tallatawa a intanet da sunan MMS. Dangin bilic ne, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019. Kar ki bari ya shiga gidanki.

Sai batun abinci. Za a ce miki ki hana yaro alkama da madara gaba ɗaya. Gwaje-gwajen da aka yi da kyau ba su nuna hakan yana kawar da galahanga ba. Kuma na yi dariya da na ji gero da dawa da masara da shinkafa ba su da abin da ake gudu a cikin alkamar, wato abin da ake sayar wa mutane da tsada a kwali, shi ne tuwonmu na kullum. Abin tsoron shi ne, yawancin yaran nan dama suna da zaɓen abinci. Yaron da shayi da burodi da nono kaɗai yake karɓa, in kin hana shi, me zai ci? In kina zargin wani abinci yana ɓata masa ciki, ki kai wa likita maganar.

Na san wata za ta ce ai allurar riga-kafi ce ta jawo. Wannan magana ta fito ne daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, a 1998, da bincike kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar da ta buga binciken ta janye shi, aka kuma soke masa lasisin aiki. A Denmak an bi yara sama da 650,000, ba a ga alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba. Mu da muka ga abin da ƙin riga-kafin shan inna na 2003 ya bar mana, ba ma buƙatar dogon bayani.

To ba a ba su magani ke nan? Ana ba su, na abin da ke damun su. Da yawansu suna fama da farfaɗiya, rashin barci, ko taurin bayan gida, kuma duk waɗannan suna da magani a asibiti. Wani lokacin ihun da yaro ke yi yana buga kai da bango, ciwon haƙori ne ko na ciki da ya kasa faɗa. Akwai kuma magungunan da likitan ƙwaƙwalwa ke rubutawa in tashin hankalin ya yi yawa, suna sassautawa ne, ba sa cire lalurar. Sannan a fara auna jin yaro, don wani kurumta ce ke damun sa.

Abin da aka fi ganin amfaninsa shi ne koyarwa da wuri: mai koyar da magana, mai koyar da cin abinci da sa kaya da shiga banɗaki, da ita uwar da aka nuna wa yadda za ta yi a gida. Yana da jinkiri, yana son haƙuri, shi ya sa ba ya shiga talla. Addu'a kuwa ba ma barin ta, amma don Allah a daina dukan yara da turara musu hayaƙi da sunan fitar da aljani.

Ita 'yar'uwar tamu mun raka ta asibiti. An gano taurin bayan gida ne ke hana yaron barci, an ba shi magani, an sa shi a layin mai koyar da magana. Bai fara magana ba tukuna, amma yana barci, ita ma tana barci. Sarƙar dai ta tafi.

Shugabannin mazaɓu, kowace ta bincika a hankali, ba tare da tozarta kowa ba, ta turo wa sakatariya adadin gidajen da ke da irin yaran nan kafin ƙarshen wata. Akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, za mu duba yadda za mu haɗa kuɗin mota. Duk wadda aka turo wa tallan awo ko magani, ta turo mini kafin ta biya ko sisi.

Wassalamu alaikum.