Jawabi Kan Ɗaukar Baƙi Aikin Ƙungiyoyin Taimako a Ingila



Ƙungiyar taimako a Ingila ba ta da ikon ɗauko baƙo aiki sai da lasin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sa'an nan ta ba shi takardar tsayawa. Mai aikin sa kai iyakar zamansa wata 12, ba albashi, ba a kuwa yarda a ɗauko shi don aikin akawu ba. Mai neman aikin ofis da albashi sai ya bi hanyar gwanaye. A watan Yuli na 2025 aka kai mafi ƙarancin albashin yawancinsu fam 41,700 a shekara, watau ƙaramin akawu bai kai ba.

Saboda haka a gargaɗi talakawa: takardar nan ba ta sayarwa ba ce. Wanda ya ce a kawo kuɗi ya samo ta, mazambaci ne. Kada kowa ya sayar da gonarsa dominta.