Haƙƙin Jiki da Zuciya a Kan Mai Aikin Agaji: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara

 

Yau tunaninmu yana ƙasar Sudan, inda muke da dangi tun zamanin da kakanninmu suke tafiya Makka a ƙasa, har waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum, ya raba mutane fiye da miliyan 10 da muhallinsu. Da asibitoci suka rufe, matasan unguwanni ne suka ɗauki nauyin jama'a ba da albashi ba. Suka kafa wuraren dafa abinci na sadaka da ake kira takaya, suka kwashi masu rauni, suka binne mamata. Wasunsu an kama su, wasu sun rasa rayukansu.

Wanda ya wuni yana raba abincin da bai isa ba, yana duban idon waɗanda rabo bai kai gare su ba, barci yakan ƙaurace masa. Yakan ga hutunsa kamar cin amana ne, ya ɗauki kukansa alamar raunin imani. Wannan kuskure ne. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, sai ya sa shi ya ci abinci, ya kwanta. Da maganar ta kai ga Manzon Allah (SAW), ya gaskata Salmanu. In mai ibada yana da izinin hutawa, ina ga mai jinyar jama'a?

Mu da muka yi shekaru muna riƙe da alli mun san dalilin sa lokacin tara a jadawali. Rijiya ma, in an matsa mata da guga sai ta ba da laka. A bar ta ta kwana, a samu ruwa garau.

Cikin 'ya'yan garin nan akwai likitoci da ma'aikatan jinya da suke zuwa sansanonin 'yan gudun hijira. In sun dawo, kada mu tare su da buƙatunmu, kada kuma mu rufe musu baki da cewa namiji ba ya kuka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mu saurare su, mu ba su kwanaki su huta cikin iyalinsu. Wanda firgita da rashin barci suka daɗe a kansa, mu raka shi wurin likita, addu'a kuma tana biye.

Allah ya kashe wutar Sudan, ya saka wa masu taimako da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.