Maganin Farfaɗiya: Kada A Yanke Shi Farat Ɗaya

Jama'a, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma ba a ɗaukarta ta yawun mai ita. Cikin magungunanta mafi daɗewa akwai fenobabiton, wanda wani likitan Jamus, Alfred Hauptmann, ya fara ba masu ciwon a 1912. Aikinsa shi ne ƙarfafa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai kwantar da jijiyoyi, don kada su zabura gaba ɗaya har mutum ya faɗi.

Yana daɗewa a jini, saboda haka galibi sau ɗaya ake sha, da dare. Sai an yi mako biyu zuwa uku kafin ƙarfinsa ya daidaita a jiki.

Babban haɗarin yakan zo ne sa'ad da sauƙi ya samu. Mutum ya ga watanni bai faɗi ba, sai ya ajiye ƙwayar. Nan ciwon yana iya komowa a jere, babu farfaɗowa a tsakani, har ya kai ga rasa rai. Likita kaɗai ke rage maganin, sannu a hankali, cikin watanni. Mai juna biyu ma kada ta daina da kanta. Lalle ta je asibiti da wuri a duba ta.