Ƙarfin Yana Ga Ɓawo: Jawabi A Kan Zubin Magnisiyam



Batun da muka kawo yau shi ne wani ƙarfe da ake kira magnisiyam, wanda Humphry Davy ya fara ware shi a Ingila a shekarar 1808. Darajarsa ita ce rashin nauyi. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin baƙin ƙarfe ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyin alminiyam. Don haka ne aka yi gidan inji da akwatin giya na motar nan Volkswagen Beetle da shi, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975.

Ba a zuba shi tsantsa. Haɗin da ya fi shahara, AZ91, yana da alminiyam kashi 9 cikin ɗari da tutiya wajen kashi 1. Maƙeranmu masu tukwanen alminiyam a yashi suke zubi, ƙarfen ya huce a hankali. Shi kuwa wannan, inji ne ke tunkuɗa narkakken ƙarfen cikin mazubin baƙin ƙarfe da matsi mai tsanani, ya cika shi kafin daƙiƙa guda.

To, a nan hikimar take. Abin da ya taɓa bangon mazubi yakan daskare nan take, ya zama ɓawo wanda kaurinsa bai kai milimita guda ba. In muka yanka ƙarfen muka duba da madubi mai ƙara girma, za mu ga ƙwayoyin ɓawon ƙanana ƙwarai, a matse, kusan babu rami. Can ciki kuwa, inda sanyi ya makara, ƙwayoyin manya ne, ga ramukan iskar da ta maƙale, ga kuma waɗanda tsukewar ƙarfe ta bari. Hall a 1951 da Petch a 1953 sun nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyi, gwargwadon ƙarfin ƙarfe, domin kowace iyaka tsakanin ƙwaya da ƙwaya shinge ce da ke hana ƙarfen lanƙwasa. Bugu da ƙari, a ɓawon akwai wani sashe mai yawan alminiyam da ya kewaye ƙwayoyin kamar raga, yana tare ruwan gishiri kada ya ci ƙarfen da sauri.

Me wannan ya shafe mu? Wasunmu za su zama injiniyoyi, wasu kuma su ne za su sa hannu a takardun sayen kayan gwamnati da gyaransu. Duk wanda ya sa magagari ya kankare fuskar irin wannan zubi don ta yi sheƙi, ya zubar da sashen da ya fi ƙwari, ya kuma tono ramukan da tsagewa ke farawa daga gare su. Haka nan burbushin baƙin ƙarfe, ko nikel, ko tagulla, in ya shiga haɗin, yakan gaggauta lalacewarsa. Garin magnisiyam kuwa yana kama wuta, ruwa kuma ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake rufe ta da shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da aka kawo mana kaya don mu amince da shi, kada sheƙi ya ruɗe mu. Mu tambaya: da wane haɗi aka zuba shi, kuma ina aka kankare?